Yadda Za Ka Zaɓi Hanyar Jona Kayan Sauti da Kwamfuta

Wani azumi da ya wuce, kwamitin masallacin unguwarmu suka nemi in riƙa ɗaukar musu tafsiri kullum bayan La'asar, domin a tura wa iyayenmu mata da ba sa samun fitowa. Mikisa da amfilifaya suna cikin wani akwatin ƙarfe kusa da mumbari, ni kuwa inda na samu na ajiye laftop can baya ne jikin taga, tazarar ta kai mita 15. Wani mai shagon kayan lantarki ya haɗa mini doguwar waya siririya mai ƙaramin kai, ya ce za ta yi. Da na koma gida bayan shan ruwa na sa hedifon a kunne, sai na ji muryar malam can ƙasa-ƙasa, ga wani ƙugi yana biye da ita tun daga bisimilla har addu'ar tashi. Duk sanda aka ƙara wa fanka gudu, shi ma sai ya ƙaru. Makirufon masallaci lafiyarsa ƙalau, laftop ma haka. Hanyar da na bi na haɗa su ce ba ta dace ba.

Mafi yawan masu zuwa wurina neman shawara tambayarsu ɗaya ce: wace kafar jona waya a jikin kwamfuta ce ta fi gudu? Ni kuwa abin da na gani a wannan aiki shi ne, da wuya gudun kafa ya ɓata wa mutum sauti. Abin da ke ɓatawa yana tsakanin makirufo da na'urar da ke karɓarsa, sai tsawon waya, sai wutar da kake aiki da ita. Ga yadda nake bin abin daki-daki.

Mataki na farko: tambayoyi uku kafin ka je kasuwa

Abu nawa za ka ɗauka a lokaci guda? Mai karanta littafi yana ɗorawa a YouTube layi ɗaya ya ishe shi. Masu hira su biyu, layi biyu. A tafsiri akwai malam da mai jan baƙi, biyu ke nan idan kana son kowa da nasa. Mawaƙi da mai fiyano kuwa uku ne, domin fiyano na fitar da hagu da dama.

Mita nawa ne daga bakin mai magana zuwa kwamfuta? Ka auna, kada ka yi kirdado.

Sannan, shin mai muryar zai riƙa jin kansa a hedifon yana cikin yi, tare da amsa-kuwwa ko gyaran muryar da manhaja ke sawa? Mai waƙa yana buƙatar haka. Mai ɗaukar lacca ba ya buƙata. Ka rubuta amsoshin nan uku a takarda, da su za ka yi awon duk abin da mai shago zai nuna maka.

Mataki na biyu: juya kwamfutarka ka duba kafofinta

A bayan kwamfutar tebur za ka ga ƙananan ramuka masu launi, faɗin kowanne milimita 3.5. Kore na sifika ko hedifon ne, mai ruwan hoda na makirufo, shuɗi kuma na shigar da sauti daga wata na'ura kamar rediyo ko mikisa. Microsoft da Intel ne suka tsara waɗannan launuka a ƙa'idar da suka kira PC 99. Laftop na yanzu kuwa yawanci rami ɗaya gare ta, wanda ya haɗa hedifon da makirufo, kuma nan mutane ke yawan rikicewa. Kalli kan wayar makirufo ko hedifon da ke hannunka ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikin ƙarfen. Mai zobe biyu shi ake kira TRS, mai zobe uku TRRS. Ramin laftop da na wayar salula mai zobe uku suke so. Idan ka cusa musu makirufo mai zobe biyu, sai su ɗauka hedifon ne, su ci gaba da ɗaukar murya da ɗan makirufon da ke jikinsu, kai kuma kana ta mamakin yadda sautin bai canza ba. Maganinsa 'yar adafta mai raba rami ɗaya gida biyu. Ƙaramin makirufon nan na maƙalawa a riga, Boya BY-M1, yana da maɓalli a jikin batirinsa na zaɓar kyamara ko wayar salula. A laftop mai rami ɗaya ɓangaren wayar salula za ka sa shi.

Wannan rami ya isa taron Zoom ko darasin makaranta. Amma aikin da za ka ajiye ko ka watsa wa jama'a, ba na ba da shawararsa. Abin da ke ƙara wa murya ƙarfi a bayansa ƙarami ne, kuma yana zaune cikin cikin kwamfuta tare da duk hayaniyar lantarkinta.

Sai kafofin USB. Mai kusurwa huɗu kowa ya san ta. Wadda ke buƙatar lura ita ce USB-C, 'yar siririyar nan da ta fito a 2014. Siffa ce kawai, ba ta gaya maka abin da ke bayanta. Thunderbolt 3, wani tsarin jonawa mai gudu wanda Intel ta fitar a 2015, shi ma wannan siffar ya ɗauka. Na'urar USB za ta yi aiki a kafar Thunderbolt, amma na'urar Thunderbolt ba za ta yi a kafar USB-C zalla ba, ko da ta shiga daram. A kwamfutocin Windows akan sa alamar walƙiya mai kan kibiya a gefen kafar, sai dai abin da ya fi tabbas shi ne ka nemi lambar samfurin kwamfutarka a shafin kamfanin ka karanta.

Mataki na uku: daga makirufo zuwa akwatin da ke karɓar sauti

A nan nake so ka fi natsuwa. Sautin da ke bin waya ƙarfinsa hawa-hawa ne. Na makirufo shi ne mafi rauni, 'yan dubunnan kashi na bolt ɗaya ne kacal, dole sai an ƙara masa ƙarfi. Na sama da shi shi ne wanda ke fitowa daga mikisa ko fiyano: kayan gida kan fitar da wajen bolt 0.3, kayan situdiyo wajen bolt 1.2. Na ƙarshe shi ne wanda amfilifaya ke tura wa lasifika, mai kaiwa gomman bolt. Kowace kafa akwai ƙarfin da aka yi ta dominsa. Ka sa makirufo a kafar mikisa, za ka ji murya kamar daga rijiya. Ka sa mikisa a kafar makirufo, muryar za ta fashe tana karta. Wayar lasifika kuwa, don Allah kada ka kuskura ka kai ta jikin kwamfuta ko wata na'urar ɗaukar sauti. Na ga laftop ɗin da aka yi wa haka a wurin wani taro, ramin sautinta bai sake aiki ba.

Sai batun waya kanta. Iri biyu ce. Ta farko zare ɗaya ne ke ɗauke da sauti a cikinta, da raga da ta lulluɓe shi. Irinta ce mai kan RCA, ja da fari, da mai babban jak na milimita 6.35 mai zobe ɗaya, da siraran wayoyin milimita 3.5. Duk tsawon da ta yi, tana kwasar hayaniyar wayoyin wuta da fanka da fitilun da ta ratsa ta kusa da su. Idan ta wuce mita 5 ko 6, ka fara caca.

Ta biyu ita 'yan situdiyo ke kira mai balans. Zare biyu ne ke ɗauke da sauti ɗaya, amma ɗayan a kife yake tafiya. Hayaniyar hanya na shiga su duka biyun daidai wa daida. Idan suka isa na'ura sai ta juya kifaffen ta haɗa su: murya ta ninka, hayaniya kuma ta ci karo da kishiyarta ta mutu. Da wannan dabara waya ke tafiya gomman mitoci ba tare da ƙugi ba. Kan da ya fi shahara a wannan layi shi ne XLR, mai ƙafa uku da ɗan maɓallin kulle, irin wanda ke gindin makirufon Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966. Babban jak mai zobe biyu shi ma yana ɗaukar balans, idan na'urorin biyu an yi su da hakan.

Ga yadda na warware matsalar masallacinmu. Mikisar ba ta da wata kafar fita sai RCA. Na sayi ɗan akwatin da ake kira DI, wanda ba ya cin batir, taransifoma ce ƙarama a cikinsa. Na haɗa shi da mikisa da waya 'yar mita ɗaya, daga shi kuma na ja XLR mai mita 20 ta bin gindin bango har inda nake zaune, na jona ta a akwatin da ke kai sauti kwamfuta, wanda za mu zo kansa a mataki na huɗu. Washegari da na saurara, har numfashin mai jan baƙi kafin ya ɗauki aya ina ji, ƙugin kuwa babu shi. Da mikisar tana da kafar fita mai balans, da ban buƙaci DI ba, waya ɗaya ta isa.

Wani abin da za ka duba a wannan mataki shi ne irin makirufonka. Na hannu irin SM58 ba ya buƙatar wuta. Na situdiyo mai jin ƙaramin motsi, wanda ake kira kwandensa, sai an ba shi bolt 48 ta cikin wayar XLR ɗin kanta, kuma za ka ga maɓalli an rubuta 48V a jikin na'urar da ke bayarwa. Ramin laftop ba ya ba da wannan wuta, ko wace irin adafta ka saya. Mutane da yawa sun sayi kwandensa da wayar da ke da XLR a gefe ɗaya, ƙaramin jak a ɗaya gefen, suka ce makirufon jabu ne, alhali yunwar wuta yake ji. Ka saba da kashe 48V da rage sifika kafin ka cire ko ka sa waya.

Mataki na huɗu: daga akwati zuwa kwamfuta

Yanzu ka zo kan akwatin, wato na'urar da ke mayar da sauti lambobin da kwamfuta ke ganewa, wadda a situdiyo ake ce wa saunkad.

Idan kai kaɗai ne kuma a gaban tebur za ka zauna, makirufo mai USB ya wadatar, saunkad ɗinsa na cikinsa. Illarsa ita ce ba ya karɓar ƙari. Ranar da ka gayyato baƙo ka sayi na biyu, za ka tarar haɗa su wahala ne: kowanne da agogonsa na ciki, kuma manhajojin ɗaukar sauti a Windows na'ura ɗaya suka fi son gani. Shi ya sa nake son irin su Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x, masu kafa biyu a gindi, USB da XLR. Yau ka yi aiki da USB, gobe idan aiki ya bunƙasa makirufonka bai zama asara ba.

Daga layi biyu zuwa sama, saunkad mai USB za ka nema, irin su Focusrite Scarlett ko Behringer UMC. Kafofin gabansa galibi haɗaka ne, XLR a kewaye, ramin jak a tsakiya. A yawancinsu XLR ɗin na makirufo ne, don haka mikisa da fiyano ta ramin tsakiya za su shiga, ka sa maɓallin a kan LINE. INST na jita ne.

To batun gudu fa? Bari mu yi lissafi. Ɗaukar sauti mai kyau ita ce samfur 48,000 a sakan ɗaya, wato a auna sautin sau 48,000, kowane awo a rubuta shi da bit 24 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, megabit kuma bit miliyan ɗaya). Idan ka ninka, layi ɗaya na cin megabit 1.15 a sakan. Layi takwas, megabit 9 da 'yan kai. USB 2.0, wanda ya fito tun 2000, an tsara shi a kan megabit 480. Ko ka cire abin da ke tafiya a hidimar hanya, wurin da ya rage ya ninka buƙatarka sau da yawa. Dalili ke nan da ya sa saunkad masu yawa da ke da kafar USB-C a yau, a ciki USB 2.0 ne, kuma babu aibi a hakan. Sa shi a kafar USB 3.0 mai gigabit 5 ba zai ƙara wa murya daɗi ko ɗigo ba.

Abin da ke damun mawaƙi shi ne jinkiri, wato ya furta kalma sai daga baya ta dawo masa a kunne. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗai-ɗai, tara shi take yi kashi-kashi a wata 'yar ma'ajiya da ake kira bofa. A kan 48,000, bofa mai samfur 128 na ɗaukar milisakan 2.7 kafin ta cika (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), mai 256 milisakan 5.3, mai 1024 kuwa 21. Sauti zai shiga ya kuma fito, ka ninka biyu ke nan, ka ƙara ɗan abin da na'ura ke ci. Idan jimilla ba ta wuce milisakan 10 ba, yawancin mutane ba sa damuwa, daidai yake da ka tsaya mita uku da rabi daga sifika. Ta haura 20, za ka ga mawaƙi ya fara zame hedifon daga kunne ɗaya. Gyaran yana cikin saitin manhaja: ka rage bofa lokacin ɗauka, ka ƙara ta lokacin tacewa. A Windows ka sauke direban ASIO na kamfanin da ya ƙera saunkad ɗinka, wato 'yar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta tana rage jinkiri, ka zaɓe shi a cikin FL Studio ko Cubase ko duk abin da kake aiki da shi. Mac ba ya buƙatar wannan ga yawancin na'urori. Akwai kuma maɓallin da ke jikin saunkad mai juyo da murya kai tsaye zuwa hedifon ba tare da ta bi ta kwamfuta ba; ga mai karatu ko mai hira, shi ke nan an gama da zancen jinkiri.

Thunderbolt, wanda Intel da Apple suka fito da shi a 2011, yana rage jinkiri ƙwarai kuma yana ɗaukar layuka masu yawa. Babban situdiyo mai ɗaukar makaɗa goma a zama ɗaya zai ci moriyarsa. Ga wanda bai kai nan ba, kuɗin da zai ƙara gara ya sa su a makirufo mai kyau da labule mai kauri a ɗaki.

Ina jan kunne a kan FireWire, wata tsohuwar kafar jona na'urori. A cikin kayan hannu da ake shigowa da su za ka ci karo da tsofaffin saunkad masu wannan kafa, masu layi takwas ko fiye, ga kyau ga araha. A zamaninsu su ne sarakai. Amma kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da kafar, kamfanoni da dama sun daina sabunta direbobinsu, kuma wayar da ake sayarwa wai tana mayar da FireWire USB ba ta aiki da su, domin yarensu ba ɗaya ba ne. In ba kana da kwamfutar tebur da za ka sa wa katin FireWire, kuma ka tabbatar direban na aiki da Windows ɗinka ba, ka wuce abinka.

Ƙa'idoji biyu game da wayar USB. Kada ta wuce mita 5, iyakar USB 2.0 ke nan. Idan akwai nisa, XLR ake tsawaitawa, USB ya zauna gajere. Kuma ka jona saunkad kai tsaye a jikin kwamfuta. Kafar USB 2.0 wat biyu da rabi kawai take bayarwa, idan ka raba ta da filas da linzami a kan 'yar na'urar da ke raba kafa ɗaya gida-gida, sauti zai riƙa tsinkewa. Wannan cin wuta daga USB yana da babban amfani a wurinmu: in an ɗauke wuta ana tsakiyar ɗauka, batirin laftop zai riƙe komai. Saunkad mai cajarsa daban kuwa nan take zai mutu, sai in kana da inbata.

Sauran hanyoyin

Bluetooth na saurare ne. Yana matse sauti, jinkirinsa kan haura milisakan 100, kuma da zarar ka kunna makirufon hedifon ɗin sai ingancin ya faɗo zuwa na kiran waya. HDMI na kai sauti ga talabijin ko majigi, ba a ɗaukar murya da shi. Kafar haske mai ɗan murfi, TOSLINK, ba ta ɗauke da lantarki ko kaɗan, don haka ƙugi ba ya bin ta; a saunkad manya ana amfani da irinta da tsarin ADAT a ƙara layi takwas.

MIDI, wanda ya fito a 1983, ba ya ɗaukar sauti sam. Saƙo yake kaiwa: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza. Idan ka jona fiyanon Yamaha ta kafar da aka rubuta USB TO HOST, a yawancin tsofaffin samfura wannan saƙon kaɗai ke tafiya. In amon fiyanon kansa kake so, sai ka ja waya daga kafar fitar sautinsa zuwa saunkad.

Mataki na biyar: wuta

Wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma ƙugi mai kauri da kake ji muryarta ce. Yakan shigo ne idan na'urori biyu da waya ta haɗa suna shan wuta daga soket daban-daban. Gwajin farko mai sauƙi ne: zare cajar laftop. Idan ƙarar ta ɗauke, ka gano ɓarawon. Ka mayar da duk kayan kan soket ɗaya, ka canza cajar idan ba ta asali ba ce, ka raba wayoyin sauti da na wuta, in dole su haɗu su gitta juna kada su jera. Idan ya ƙi, DI mai taransifoma yana da maɓallin da ke yanke hanyar da ƙugin ke bi tsakanin na'urorin biyu. Ƙaramin janareto da inbata mai araha sukan ƙara wata tsuwwa siririya. A irin wannan hali gara ka caja laftop ta cika ka yi ɗaukar a kan batir. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi. Ƙugi zai iya tafiya, amma ita ce ke sauke wuta ƙasa idan na'ura ta samu matsala, kuma makirufo ƙarfe ne da mutum ke kai wa baki.

Mataki na shida: gwaji kafin biya

Ka tafi shago da laftop ɗinka, da cajarta, da hedifon ɗin da kunnenka ya saba da shi. Tun a gida ka sauke direban na'urar da kake niyyar saya, ka ga ko akwai na Windows ɗinka. Ka sa Audacity, manhajar ɗaukar sauti, kyauta ce. A shago ka yi amfani da wayar da za ka tafi da ita gida, domin akwai wayoyin USB-C da caji kawai suke yi. Gwada kowace kafa ɗaya bayan ɗaya. Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe kana saurare. Tsohon saunkad da ya sha ƙurar hunturu za ka ji yana ƙaras-ƙaras. Girgiza waya a gindin kanta, in sauti ya yanke a canza maka. Kunna 48V da kwandensa a jiki ka ga ko laftop ɗinka na iya riƙe shi a kan batir.

Daga ƙarshe ka ƙara ƙarfin makirufo zuwa inda za ka yi magana da shi, ka roƙi mai shago ya kashe rediyonsa, ka ɗauki minti ɗaya ba ka ce komai ba: rabin farko da caja a jiki, rabin ƙarshe babu ita. Saurari minti ɗayan nan da hedifon, ka ƙure ƙara. Idan rabin biyun ba su bambanta ba, kuma ba ka jin komai sai hayaniyar kasuwa daga nesa, ka biya kuɗinka, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar.